Ni Usman ne ko Barau? Amsa ga matashin da ke son canza suna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada, Kaduna. Sunana na yanka Usman, amma tun ina ƙarami Barau ake kirana a gida da unguwa, har shi ne ya shiga wasu takardun makarantata. Abokai suna tsokanata, suna karkatar da shi ya koma "ɓarawo". Da na duba ma'anar Usman a intanet kuma sai na ga wai ɗan tsuntsu ne ko ɗan maciji. Ga shi ana cewa suna linzami ne. Shin ma'anar suna tana bin mutum? Ina tunanin in ajiye duka biyun in ɗauki wani mai kyakkyawar ma'ana kafin in gyara takarduna.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kada ka ajiye ko ɗaya daga cikin biyun. Takardunka ne ke bukatar gyara, sunayenka lafiyarsu ƙalau. Amma tunda abin ya dame ka har ka zauna ka rubuto, bai kamata in sallame ka da kalma biyu ba. Aikina koyar da harshe da al'adun Hausa, kuma irin wannan tambaya ta yawaita daga samari da 'yan mata tun da waya ta shiga hannun kowa: mutum ya buga sunansa, fassara ta fito, hankalinsa ya tashi.

Mu fara da Usman, don shi ya fi sauƙi. Abin da ka gani ba ƙarya ba ne. Manyan ƙamusoshin Larabci, irin su Lisanul Arab na Ibn Manzur, sun kawo cewa kalmar tana nufin ɗan tsakon hubara, wani tsuntsun daji dangin tuje, an kuma ce ɗan maciji. Ba Usman kaɗai ba ne ma. Abubakar in ka warware shi, baban ɗan raƙumi ne. Khadija ita ce jaririyar da ta zo kafin watanninta su cika, wato bakwaini. Fatima daga yaye aka samo ta. Larabawan da mutanen sahara ne, abin da idonsu ke gani shi suke sa wa 'ya'yansu: zaki, dutse, itaciya mai ɗaci. To amma ranar da mahaifinka ya sunkuya ya yi maka huɗuba a kunne, kana jin tsuntsu ne a ransa? Abin da ke ransa shi ne Sayyidina Usman ɗan Affan, halifa na uku, wanda ya auri 'ya'yan Manzon Allah (SAW) biyu, Ruƙayya sannan Ummu Kulsum, har ake ce masa Zunnuraini. Wanda ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarsa ya bar wa jama'a su sha. Wanda a zamaninsa aka haɗa al'umma a kan mus'hafi ɗaya. Mai kunyar da hadisi ya ce mala'iku ma suna jin kunyarsa. A ƙasar Hausa kuwa akwai wani Usman ɗin da ya ƙara wa sunan nauyi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya rasu a Sakkwato a 1817. Saboda girmansa ne har gobe duk mai suna Usman ake iya ce masa Shehu. Shugaban ƙasa Shehu Shagari ma ai Usman ne sunansa na yanka.

Nan ne shafukan fassarar suna suke ɓatar da yaranmu. Bahaushe idan zai raɗa sunan yanka ba fassara yake nema ba, takwara yake nema. Ka saurari yadda muke magana: "an yi wa Malam takwara", "ya ci sunan kakansa", "an mayar da sunan marigayiya". Duk maganar mutum ce, babu ta ƙamus. Kuma akwai yiwuwar tsakaninka da Sayyidina Usman akwai wani Usman na kusa: kaka, ko yayan mahaifinka, ko malamin da ya koya masa karatu, ko aminin da ya tsaya masa a ranar wuya. Wane Usman ka ci sunansa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi, kuma intanet ba ta da amsarta. Balle ma sunaye da yawa da muke ɗauka na Larabci ne, irin su Ibrahim, Yusuf, Musa, Isiyaku, Yakubu da Maryam, asalinsu ba Larabci ba ne. Malaman nahawu suna lissafa su cikin baƙin sunaye. Duk wanda ya ba ka fassararsu da Larabci cikin gadara, yawanci kirdado yake yi.

Maganar "suna linzami ne" kuwa ba zan ce maka wofi ba ce, don tana da madogara. Bukhari ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa kakansa ya zo wurin Annabi (SAW), aka tambaye shi sunansa ya ce Haznu, wato tsauri ko ƙasa mai wuyar bi. Annabi ya ce masa a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi. Ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Muslim kuma ya ruwaito cewa an canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya mai nufin mai saɓo zuwa Jamila. (Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna; a Larabci harafin farko ya bambanta, a boko ne suka zama ɗaya, don haka masu wannan suna su kwantar da hankalinsu.) An canza Barra, mai nufin mai yawan ɗa'a, zuwa Zainab, saboda akwai yabon kai a ciki. An canza sunayen da ke nuna bauta ga wanin Allah, kamar yadda aka yi wa Abdurrahman ɗan Auf. Ka duba waɗannan da kyau. Duk sunaye ne da muninsu yake a fili ga mai ji a harshen da ake magana da shi yau da gobe. Mutum a kira shi "mai saɓo" safe da yamma, a gida da kasuwa, dole abin ya taɓa zuciyarsa ya kuma taɓa yadda mutane ke kallonsa. Ta nan linzamin yake. Ba wani asiri ne ke ɓoye a cikin haruffa yana jan ƙaddarar mutum ba. Hujja mafi ƙarfi kuma ita ce, Annabin da ya canza waɗancan sunaye ya zauna da Usman shekara da shekaru, surukinsa ne, ya san ma'anar kalmar fiye da kowane ƙamus, bai taɓa cewa a canza ba. Haka Khadija, haka Fatima da shi da kansa ya haifa. Abin da bai dame shi ba, kai ma kada ya dame ka.

Yanzu Barau. A nan zan daɗe, don shi ne sunan da ka fi jin kunyarsa, ni kuwa shi na fi jin tausayin ka rabu da shi.

Da farko, ba shi da wata dangantaka da sata. Barau da "b" ake faɗarsa, daga bari. Ɓarawo da "ɓ" mai ƙugiya. Kunnen Bahaushe ba ya haɗa su, rubutun waya ne da ba a sa ƙugiya ya ba abokanka ƙofa. Ka tuna musu, cikin ruwan sanyi, cewa aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙubba. Amma abin da ya fi wannan shi ne dalilin da ya sa ake sa wa yaro Barau. A al'adarmu suna ne na ɗan da aka samu bayan an yi ta haihuwa suna komawa. Mace ta haihu, a yi suna, a yanka rago, wata uku ko shekara ƙyanda ta zo, ko tarin shiƙa, ko zazzaɓi, ko gudawar yaye, a ɗauki yaro a zane a kai makwanci. Ta sake haihuwa, a sake. Wannan shi ake kira wabi. Kakanninmu sun sha shi ƙwarai, kafin rigakafi da asibitoci su yawaita, lokacin da agana ma take shiga gari ta yi ɓarna. Daga wannan ciwo ne wani rukuni na sunayen Hausa ya fito, kuma kashi biyu ne. Akwai na nuna halin ko-in-kula: Ajuji, Ayashe, Ajefas. Ana yi kamar ba a damu da yaron ba, har a da akan kai jariri kan juji a ajiye wata ta ɗauko shi, wai don abin da ke ɗauke yaran ya ga ba a so shi ya ƙyale shi. Wannan camfi ne da ya samo asali tun kafin Musulunci ya zauna da gindinsa, malamai sun yi ta hana shi, kuma sun yi daidai. Kashi na biyu kuwa roƙo ne tsantsa: Barau, Abarshi, Abarta, Barmani. Ma'anarsu ita ce, ya Allah wannan dai a bar mana shi. Babu shirka a ciki, babu muni. Addu'a ce da aka mayar suna don a riƙa maimaita ta duk lokacin da aka kira yaron cin tuwo ko aka aike shi kanti.

Ba zan yanke maka cewa haka ya faru a gidanku ba, don wani yakan gaji Barau ne kawai daga wanda ya ci sunansa, laƙabi ya biyo suna. Amma in har na farkon ne, to ka sani duk ranar da mahaifiyarka ta ga ka shigo gida da ƙafarka, da gemunka, amsar addu'arta take gani. Ka yi tunanin yadda za ta ji in ka zo ka ce mata ka je kotu ka cire shi don abokai suna dariya.

Kuma kai da kake Kaduna, ai sunan nan yana rubuce da manyan baƙaƙe a tsakiyar garinku. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko sunan Dokta R. A. B. Dikko ya ci, likitan zamani na farko daga Arewacin Najeriya, wanda aka haifa a 1912, ya taso a Wusasa, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya riƙe kwamishinan ma'adinai da lantarki na tarayya a zamanin Janar Gowon, ya rasu a 1977. Akwai kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, jikan sarakunan Zazzau na Haɓe, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Da aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon babban birnin tarayya, tsohon garin sai aka kira shi Suleja daga sunansa. Babu wanda ya ji sunayen waɗannan ya tuna da sata.

Me ya sa ma kake da suna biyu? Ka lura da safiyar suna a layinku. An idar da sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago na ɗaure a gefe, yara na zagayawa da farantin goro da dabino da alawa. Uban jariri ko kakansa ya matso ya raɗa wa liman sunan a kunne, liman ya yi addu'a a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a, can cikin gida guɗa ta tashi, wanzami na jiran a miƙo masa yaro ya yi aski. Wannan shi ne sunan yanka, na rana ta bakwai, kamar yadda hadisin aƙiƙa ya zo da shi. To amma kafin la'asar, mata a cikin gida sun riga sun yi wa yaron wani sunan. Dalili kuwa kunya. In sunan surukin mai jego aka mayar, bakinta ba zai iya furta shi ba, balle ta daka wa mai shi tsawa in ya yi ɓarna. Sai a ce Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Halifa. Mace kuma Ummi, ko Mama, ko Uwani, ko Walida. Ɗan fari ma uwa ba ta kiran sunansa. Na taɓa tsayawa a wurin rajistar yara a wata firamare, malami ya tambayi wata uwa sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi ta taɓa maƙwabciyar da ta rako ta, ita ce ta faɗi sunan. Malamin yaro ne, ya ɗauka ba ta sani ba ne. Ta sani sarai, ɗan farinta ne.

Bayan alkunya akwai sunayen da ke riƙe tarihin haihuwa. Kafin takardar haihuwa, sunan ne takardar. Ranar mako: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Matsayi a ɗaki: Tanko namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta na ƙarshe. Lokaci: Azumi da Ɗan'azumi, Sallau, Marka, Nomau. Hali: Audi wanda mahaifinsa ya rasu yana ciki, Talle wanda ya tashi maraya, Shekarau wanda ya daɗe a ciki, Cindo mai yatsa shida, Mairiga wanda ya fito a lulluɓe. Dikko da Sambo daga Fulfulde muka aro su, na fari da mai bi masa. Har sunayen Larabcin ma ba mu bar su yadda suka zo ba, mun tauna su sun zama namu: Abubakar ya zama Garba da Habu da Buba, Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim Iro, A'isha Indo da Shatu, Khadija Dije, Maryam Mairo, Fatima Binta, Hauwa Kulu, Yusuf kuma Maitama. Gida mai Muhammadu da yawa sai a jera su da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har Ashiru. Don haka zama da suna biyu ba ruɗani ba ne, tsarinmu ke nan. Ɗaya yana haɗa ka da addininka da magabata, ɗaya yana faɗin yadda ka zo gidanku. Kuma sau da yawa na biyun ne duniya ke riƙewa. Gwamnan farar hula na farko na jihar Kaduna, wanda ya hau a 1979, Abdulƙadir ne sunansa, amma Balarabe Musa talakawa suka sani.

Akwai dalilin da ya sa maganar suna ta fi zafi a Kaduna fiye da tsofaffin birane. A cikin ganuwar Zariya ko Katsina, in ka faɗi sunanka abin da zai biyo baya shi ne "ɗan gidan wa?", gidan ne zai yi maka bayani. Kaduna kuwa garin taruwa ce. Turawa ne suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati, daga baya masaƙun Kakuri, suka jawo mutane daga ko'ina. Sunayen unguwanni ma sun nuna: Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa. A irin wannan gari ba kowa ya san kakanka ba, sai sunanka ya zama shi ne ke shiga gabanka, a yi maka hukunci da shi kafin ka buɗe baki. Mun ga mafi munin wannan a rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 da na Nuwamba 2002, lokacin da aka riƙa tare bayin Allah a hanya ana tambayarsu suna, amsar ta zama sanadin tsira ko halaka, daga baya gari ya rabu, kogi ya zama iyaka. Allah kada ya maimaita mana.

Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne, tsofaffin sunayen Hausa irin naka su ne ba su san wannan iyaka ba. Ka ji an ce Ɗanladi, ko Tanko, ko Bala, ko Laraba, ko Kande, ba za ka iya rantsuwa masallaci yake zuwa ko coci ba, Bahaushe ne ko Bajju ko Atyap ko Gbagyi ko Adara. Dokta Barau Dikko da na ambata Kirista ne. Janar Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, Bahaushe ne Kirista. Tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sunaye irin su Bulus, Bitrus, Yohanna, Saratu da Rifkatu suka zauna a bakin Hausa, ga kuma Alheri da Godiya da Murna. Yakubu, Dauda, Haruna, Musa da Maryamu kuwa na kowa ne. Yau waɗannan sunaye na tsakiya su ne ke ƙarewa. Musulmi sun karkata ga sababbin sunayen Larabawa, su Hanan da Afnan da Aiman, wasu ma daga finafinan ƙetare. Kiristoci da yawa sun karkata ga na Turawa, wasu kuma suna komawa ga na harsunansu na gado, wanda wannan haƙƙinsu ne kuma abin yabo ne. Ban ce sabon suna laifi ba ne, da yawansu ma'anarsu kyakkyawa ce. Amma yana yi mini ciwo in ga an wayi gari sunan yaro kaɗai ya isa a san gefen kogin da yake kwana, kuma in ga yaro yana jin kunyar Tanko ko Barau wai na ƙauye ne, alhali bai san ma'anar baƙon sunan da yake sha'awa ba. Har "Abdul" ake sa wa yaro a tsaya nan, wanda rabin suna ne, bawa ba a faɗi na wa ba, alhali hadisin Muslim ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman.

Sai takardu, inda matsalarka ta gaskiya take. Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Bature. Wane ɗan wane muke da shi. Makarantar boko ce ta zo da gurbin suna na biyu, shi ya sa ɗaliban farko da yawa suka cike shi da sunan garinsu. A Kwalejin Katsina, wadda aka dawo da ita Kaduna a 1938 kafin a mayar da ita Zariya a 1949, Sardauna Ahmadu Raɓa ne a rajista, Abubakar Imam kuma Abubakar Kagara. Haka aka samu su Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita. A lokacin ba wata matsala, malami ya san ɗalibinsa da fuska. Yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, ba ta san Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne ba. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin lambar NIN da BVN da takardar jarrabawa, sai a tsayar da kuɗin mutum a banki, ko gurbin karatu, ko fasfo. Yawancin wannan ɓarna a shagon cike fom ake yinta: yaro ya miƙa wa mai kwamfuta kuɗi, a tambaye shi suna ya faɗi wanda ya zo bakinsa, mai bugawa ya rubuta yadda ya ga dama, babu wanda ya karanta kafin a tura.

Ga abin da nake ba ka shawara. Tattaro duk takardunka ka shimfiɗa su wuri ɗaya: ta haihuwa, ta firamare, ta kammala sakandare, katin ɗan ƙasa, na banki. Fom ɗin yanzu gurbi uku gare shi, kai kuma abu uku gare ka: Usman a farko, Barau a tsakiya, sunan mahaifinka a gurbin ƙarshe. Ka ga ba ka zubar da kowa ba. Sai dai ka duba takardar kammala sakandare tukuna, don ita ta fi wuyar gyarawa. In jerin da ke kanta bai yi nisa da wannan ba, sau da yawa ya fi sauƙi a daidaita sauran da ita. Ka zaɓi rubutu ɗaya, Usman ko Uthman ko Othman, ka tsaya a kansa har abada. Inda aka samu saɓani, hanyar da aka saba ita ce takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, sannan ka kai wa hukumar da abin ya shafa da kanka, kada ka ba ɗan kamasho. Ƙara sabon suna na huɗu a kan wannan tari ba zai rage maka wahala ba, ninka ta zai yi. Sunan mahaifinka kuma kada ka taɓa shi ko da wane dalili. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma da ita ne Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana ce masa ɗan Muhammadu.

Ba wai canza suna haramun ne ba, kada ka fahimce ni haka. Wanda sunansa ke ɗauke da bauta ga wanin Allah, ko zagi a fili, ko wani abin kunya da ke hana shi sakewa cikin mutane, ya canza, sunna ce ma. Wanda ya sauya addini ya ga yana son sabon suna, yana da dama, kamar yadda masanin tarihin nan H. F. C. Smith ya zama Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna nan Kaduna a 1970. Ka lura kuma bai jefar da sunan gidansu ba. Naka dai ba ya cikin waɗannan.

Abin da ya rage shi ne ka je gida ka yi tambaya, amma ka san yadda za ka yi ta. Kada ka tari mahaifiyarka da ita a gaban mutane, kuma kada ka fara da cewa sunan yana damunka. In wabi ta yi, magana ce da mata da yawa ba sa son tonawa, ga kunya ga ciwo. Fara da goggonka ko kakarka ko wata tsohuwar da ta halarci sunanka. Su bakinsu a sake yake, za su gaya maka wa ya fara kiranka Barau, yara nawa suka riga ka, ko an raɗa musu suna, da kuma wane Usman aka mayar. Wajen mahaifinka kuma ka tambayi halin mai sunan: me yake yi, a ina ya zauna, me ya sa aka zaɓe shi a kan sauran dangi. Ka rubuta abin da suka faɗa maka a littafi, da sunayen kakanninka iyakar inda suka iya kaiwa, don ƙannenka ma ba lalle ne sun sani ba, kuma ranar da za ka raɗa wa naka ɗan suna za ka bukace shi. Wallahu a'alamu.